Abin da Landan ba za ta iya sayar mana ba

Shekara ta takwas ke nan ina zaune a Landan, kuma da wuya mako ya wuce aiki bai kai ni laburaren cibiyar zurfafa nazarin shari'a ta Jami'ar Landan ba, wadda aka kafa tun 1947. Ranar da na fara shiga, ina bin kantoci sai ga ni tsaye gaban dokokin Nijeriya, jere reras, har da na tsohuwar Jihar Arewa. Babu ƙura, babu shafin da ya ɓace. Na ji daɗi, na kuma ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Nan take hankalina ya koma Kano, ga laburaren Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Bayero, inda na koyi yadda ake buɗe kundin hukunci.

Mutane kan ɗauka tarihin wannan ɗakin karatu ya fara ne da kafa tsangayar a ƙarshen shekarun 1970. Ni a wurina ya girmi haka nesa. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A cikinta aka haifi kwalejin da ta fara aiki a 1960, ta ɗauki sunan Abdullahi Bayero a 1962 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Ashe ke nan jami'ar ma ɗungurungum jikanyar makarantar alƙalai ce. In kuma aka ƙara ja baya, ai tun zamanin Muhammadu Rumfa Shehu Magili ya zauna a Kano ya rubuta wa sarki yadda ake mulki da adalci. Garin bai taɓa rabuwa da littafin fiƙihu ba. A gafaka yake, a zaure, kafin ya hau kanta.

Shi ya sa ɗalibin shari'a a Bayero yake ɗaukar kaya biyu a kai guda: dokar da muka gada daga Ingila da kuma shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya. Ina tuna teburinmu lokacin sanyi, tagogi a rufe saboda hazo. Gefe guda kundin hukunce-hukuncen mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, gefe guda Muhtasar da Tuhufa, littattafan fiƙihun Malikiyya, takardarsu ja-ja, sharhi ya kewaye matani kamar katanga. Abokina yana haddace baiti a kan shaida, ni ina fama da hukuncin Kotun Ƙoli a kan fili. In aka kira la'asar sai mu sa biro a tsakiyar littafi mu fita, mu dawo mu tarar babu wanda ya taɓa. Wannan haɗi ban gan shi a teburi ɗaya a Ingila ba, sai dai ka fita daga wannan gini ka shiga wancan.

Ta fuskar kuɗi babu abin kwatantawa, kuma ba zan ɓata bakina ba. Tun faɗuwar naira bayan 1986 jami'o'in ƙasar nan baki ɗaya suka sha wuyar sayen mujallun waje. Yanzu da sauƙi: asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yana tallafa wa ɗakunan karatu, manhajoji irin su LawPavilion sun sa hukuncin manyan kotuna a cikin waya. Madalla. Amma duk wannan saye ne, kuma abin da ake saye kowa mai kuɗi zai iya mallakarsa. Ko nawa muka zuba, Landan za ta fi mu littattafan Landan.

Abin da na nema a can na rasa shi ne muryar alƙalin Kano. Yaya ya raba gadon gida a Fagge da magada goma sha? Me ya ce a kan jinginar gona, ko shufu'a, wato haƙƙin abokin tarayya na fara sayen kason da za a sayar, tsakanin masu tarayya a gida ɗaya, ko hul'in matar da mijinta ya yi shekaru bai dawo ba? Yawancin Bakano da ya taɓa shiga kotu, gaban alƙali ya tsaya, ba gaban mai hular gashi ba. Amma hukuncin da ake bugawa ana karantarwa kusan duk na sama ne, wanda aka ɗaukaka ƙara ya kai Abuja. Na ƙasa, inda rayuwa take, yana kwance cikin rijistoci da rubutun hannu, wani da Larabci, wani da ajami, wani da boko.

Na ga makomar irin waɗannan rijistoci da idona. Bara waccan na je gida, rigimar gonar kakanmu ta taso, aka ce ai an taɓa yanke hukunci a kai tun ina yaro. Na je wata kotu neman kwafi. Wani dattijon ma'aikaci, Allah ya saka masa da alheri, ya buɗe mini wani ɗaki ya ce, "Alhaji, ga su nan, in rabonka na ciki." Na ɗago rijista ɗaya, bangonta lafiya lau. Ina buɗewa sai ƙasa ta zubo mini a riga. Gara ta cinye tsakiyar, ta bar gefe-gefe, ana ganin sunan mai ƙara da rabin kwanan wata, hukuncin kuwa babu. Ban ga laifin dattijon ba. Ba a ba shi kabad ba, balle maganin ƙwari.

Kada a ce ba su da daraja. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Allan Christelow, ya zauna da bayanan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, ya fassara wasu, aka buga a Michigan a 1994. Har yau masu bincike a duniya suna ɗiban ilimi daga 'yan shekarun nan biyu kacal. To ina ga abin da ya taru daga lokacin kotunan En'e, zuwa kotunan yanki da suka maye gurbinsu a ƙarshen shekarun 1960, zuwa kotunan shari'a bayan 2000?

A nan nake ganin laburaren shari'a na jami'a zai yi girman da babu mai kamo shi. Ya ƙulla yarjejeniya da hukumar shari'a ta jiha, a riƙa ɗaukar hoton tsofaffin rijistoci shafi-shafi, a jera su bisa shekara da kotu da nau'in ƙara. Aikin bai fi ƙarfinmu ba: na'urar ɗaukar hoto, wuta mai amfani da hasken rana, da mutanen da suka iya karanta rubutun muhuti, wato magatakardan alƙali. Na ƙarshen nan shi ne mai wuya a ko'ina, mu kuwa muna da su, ɗaliban da suka yi allo kafin su yi boko suna nan cike da aji.

Na san abin da wasu za su ce, kuma da gaskiyarsu: shari'ar aure da gado sirrin gidaje ne, jikokin masu ƙarar suna raye a unguwannin nan. Ai a Ingila ma ana sakaya sunaye a yawancin hukuncin da ya shafi iyali da yara kafin a buga shi. Mu ma sai a rufe suna da unguwa, a bar hujja da nassin da alƙali ya dogara da shi, asalin kuma a kulle shi sai da izini.

Rigimar gonarmu dai dattawa ne suka sasanta ta a zaure, da abin da kowa ya iya tunawa. Biyu daga cikin waɗanda suka ba da shaida ranar sun riga mu gidan gaskiya kafin damina ta zagayo.