Memori uku cikin shekara guda, wannan cutar ta isa haka

Jiya sai ƙarfe ɗayan dare na rufe shago, kuma ba ciniki ne ya tsare ni ba. Memorin da ke cikin na'urar tsaron intanet ɗinmu ne ya sake mutuwa, na uku ke nan cikin shekara guda. Kwamfuta 12 duk sun tsaya cak, yara sun yi layi tun la'asar suna son cike fom wa'adi na neman ƙure musu, ni kuma ina tsugune da sukudireba gumi na zuba. Wallahi raina ya ɓaci.

Na'urar 'yar akwati ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba, tana zaune tsakanin layin intanet da kwamfutocin shago, da manhajar tsaro mai suna pfSense a cikinta tana gadin ƙofa. Ranar da na saye ta, mai kayan ya ce min: "Yallaɓai, sa mata memorin waya mai 32GB kawai, ya isa har ya yi yawa." Wajen girma bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓoye min shi ne mai gadin nan ba ya ajiye alƙalami. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa aka hana shi shiga sai an rubuta, lissafin zirga-zirga kowane minti sai an sabunta shi, in kuma ka ɗora ƙarin manhajojin sa ido irin su Suricata ko ntopng to rubutun ya ninku, dare da rana. Shi kuwa memori kowane gurbi a cikinsa yana da iyakar sau nawa za a goge a sake rubutawa. Nau'in SLC mai tsada yana jure wajen sau 100,000, amma TLC da ya cika kasuwa daga 1,000 zuwa 3,000 ya gama aiki. Don hoto da waƙa aka yi shi. Kuma ba ya ciwo kafin ya mutu, ba kamar SSD, ma'ajiyar kwamfuta, da za ka duba lafiyarsa ta rahoton da ake kira SMART ba. Rana ɗaya kawai zai ƙi karɓar rubutu.

Sai kuma ɗauke wuta. Ana tsakiyar rubutu wuta ta tafi, kafin a tada inji tsarin fayil na UFS ya hargitse, na'ura ta ƙi tashi. Haka memorin farko ya tafi. Wani tsarin fayil ɗin mai suna ZFS ya fi jure wannan, shi ne ma pfSense ta mayar zaɓin farko tun fitowar 2.6 a 2022, sai dai ya fi yawan rubutu, wato memori zai fi saurin ƙonewa.

Na biyun shi ya fi ci min rai. An rubuta 64GB a jikinsa, da ya fara shirme na gwada shi da manhajar gwajin memori ta H2testw, ashe 8GB ne aka yi wa kwalliya. Na mayar, yaron shagon ya dube ni ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Haba! Wannan ai sata ce da rana tsaka. Na ukun na gaske ne, wata biyar ya yi.

Yau da safe na koma kasuwa, wani ya miƙo min sabuwar akwati yana yabon wai ma'ajiyarta a ciki take, ba sai na sayi komai ba. Nau'in memorin da ake kira eMMC ne, an liƙe shi da dalma a jikin allon na'urar. Ranar da ya gaji, in babu gurbin ƙara wata ma'ajiya, akwatin gaba ɗaya ta zama bola. Ko kalma ɗaya bai faɗa a kan wannan ba. Na ajiye masa abarsa na nemi mai gurbin mSATA, inda ake soka ƙaramin SSD, na sa mata SSD mai 128GB, na kunna zaɓin da ke mayar da /var da /tmp, wuraren da aka fi yawan rubutu, cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa in wuta ta ɗauke, bayanan gadin kuma na tura su wata kwamfuta ta hanyar aika rahoto da ake kira syslog don kada su bi wuta in an ɗauke. Da ba ni da kwafin config.xml, fayil ɗin da ke riƙe da duk saitin na'urar, a filashi, da yanzu ina nan ina sake tsara dokoki ɗaya bayan ɗaya.

Memorin jabun nan yana cikin aljihuna, da hoton sakamakon gwajin a waya. Gobe in Allah ya kai mu wajen shugabannin kasuwar zan kai ƙara, kuma ba zan taso ba sai an biya ni kuɗina.