Matasa, ku bar haɗiyar deksa saboda ƙaiƙayi

Shekaranjiya na je duba ɗan maƙwabcina a wani asibiti a nan Garwa, har yanzu raina bai kwanta ba. Saurayi ne da bai cika shekara 25 ba, ga robar iska a hanci, yana jan numfashi kamar wanda ya yi gudu daga gadar Binuwai. Mura ce ta zagaya gidansu da shigowar hunturu, kowa ya yi kwana uku ya miƙe, shi kuwa ta sauka masa a ƙirji. Da likita ya tambayi abin da yake sha, sai yayansa ya zaro katin ƙwaya daga aljihu. Deksa ce, wato ƙwayar deksametazon mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Wata takwas yana haɗiyarta saboda kirci da ke damunsa a gwiwar hannu da bayan wuya, kuma a teburin bakin kasuwa yake saye.

Mahaifiyarsa ta ce mini, "Malam, mu da muke murna ya yi kumatu." Na rasa abin da zan ce mata. Kallon kitse aka yi wa rogo. Wannan kumburin fuska aikin ƙwayar ne, ba lafiya ba ce.

Ku ji ni da kyau, ƙannena. Kada ku ɗauka ciwon fatar ne ya buɗe wa murar hanya: kirci ko makero ko ƙazuwa ba su ne ƙofar mura da korona da 'yan uwansu ba, waɗannan ta hanci da baki suke shiga. Abin da ke karya mutum shi ne abin da yake ɗura wa cikinsa don ƙaiƙayin ya lafa. Deksametazon da 'yar uwarta firedinisolon aikinsu danne garkuwar jiki ne, shi ya sa kumburi ke sacewa cikin kwana biyu ka ɗauka ka warke. Amma garkuwar da ka danne a fata ita ce mai gadin huhu. Ga hawan sukari, ga hawan jini, ga tarin fuka da ke iya farkawa. Idan ma makero ne ko ƙazuwa, ƙwayar taki take zuba musu, su bazu a ɓoye. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Na san abin da za ku ce: ai da deksa aka yi maganin korona. Haka ne. Cutar ta shigo Kamaru a watan Maris na 2020, a watan Yuni kuma likitocin Ingila suka bayyana cewa deksa na rage mutuwa. Amma ga wa? Ga wanda ke kwance an sa masa iska, na 'yan kwanaki, likita na kansa. Wanda bai kai ga neman iska ba, ba ta amfane shi da komai ba. Masu daɗewa suna shan irinta da yawa kuwa, su ne suka fi jin jiki da cutar ta same su. Mai tebur bai san wannan ba, kuma bai dame shi ba. Shi dai sefarka yake so.

'Yan mata ma ba ku fita ba. Ita ce dai wannan ƙwayar kuke kira sha-ka-fashe, ana ɗura wa amarya don ta cika ido ranar biki. Ga man bilicin, da yawansa danginta ne a ciki, ana shafawa fata ta yi siriri kamar ledar shinkafa. Tun Agustan 2022 Ministan Lafiya Manaouda Malachie ya haramta mayukan sauya launi masu haɗari, amma ku leƙa kasuwa ku gani. 

Wanda ya riga ya daɗe yana shan deksa kada ya yanke rana ɗaya, yin haka ma na iya kayar da shi. Ya tafi wurin likita ya faɗi gaskiya, a rage masa a hankali.

Abin da ke ci mini rai, mu da muka tashi yaro bai isa ya kai ƙwaya baki ba sai babba ya gani. Hunturu ya kama, kaka ta zaunar da mu ta mulke mu da man kaɗe tun daga goshi har dunduniya, kayan mai ƙazuwa a tafasa a shanya a rana. Yau yaro yana wata takwas yana haɗiyar abu a gida ɗaya da uwa da uba da yayye, babu wanda ya ce masa mene ne wannan. Ni kaina kullum muna haɗuwa da shi a masallaci, na ga fuskar tana cika, ban tambaya ba.