Tauraro ba ya faɗowa

A Daura, in ana kwana a tsakar gida da bazara aka ga haske ya tsaga sama ya ɓace, sai yara su ce tauraro ya faɗo. Ba tauraro ba ne. 'Yar tsakuwa ce, sau da yawa ba ta wuce ƙwayar gero ba, ta shigo iskar duniya a guje ta ƙone kimanin kilomita 100 a sama.

Tauraro kuwa rana ce mai nisa, abin da nake so yaranmu su sani ke nan. Daga gajimaren ƙura da wata iska mai suna haidurojin yake dunƙulewa har cikinsa ya ɗau zafi. Ranarmu ta kai shekara biliyan 4.6. Nan da kusan biliyan 5 za ta kumbura ta yi ja, sannan ta ƙanƙance. Manya-manyan taurari kam fashewa suke yi.