Ba gudun diril ke huda rodi ba

Da yawa cikin masu sayen siririn rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano suna ɗauka cewa in bakin diril ya ƙi shiga, sai a ƙara masa gudu. Gudun nan shi ke kashe bakin. Zafi yake tarawa har tsininsa ya koma shuɗi, daga nan kuwa ya dakushe, sai dai ya yi ta goge ƙarfen.

Matsalar farko ma santsi ce, domin bayan rodi a kewaye yake. A matse shi a bais, wato abin da ake riƙe ƙarfe da shi, a goge wurin da magagari ya ɗan baje, sannan a ɗora ƙusar kankare a tsakiya a buga da guduma ta bar gurbi. A rodi mai kaurin milimita 10, a fara da baki mai milimita 3, a juya sannu ana dannawa sosai, ana ɗiga man inji. In ƙarfe na fitowa a murɗe, aiki na tafiya. In gari ne, bakin ya mutu.

Dab da ɓullewa a sassauta hannu, don a nan bakin ke sarƙewa ya karye.