Gaisuwar Nowel: kada yatsa ya riga hankali

Ƙannena na Damagaram, ko hayaniyar bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba ba ta gama lafawa ba, gardamar nan ta kowace shekara ta taso a WhatsApp. Wani ya yi wa abokin karatunsa Kirista barka da Kirsimeti, kafin la'asar an fitar da shi daga Musulunci. Wani kuma ya ƙi yi, an ce masa mai tsattsauran ra'ayi. Duka a kan wani saƙo da ake ta turawa game da hukuncin gaisuwar Kirsimeti, wanda ba a san wanda ya fara rubuta shi ba.

Malamai sun yi saɓani a mas'alar nan tun kafin a haifi kakanninmu. Ibnul Ƙayyim ya hana taya wanda ba Musulmi ba murnar bikin addininsa, Shehu Usaimin ma a kan haka ya tsaya. Shehu Ƙardawi da majalisar fatawa ta Masar sun halatta idan don zumunci da maƙwabtaka ne, suka kafa hujja da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Manya irin waɗannan ba su zagi juna ba. To kai da ko Ahalari ba ka sauke ba, wa ya ba ka wuƙa da nama?

A Amurka ma ana wannan ja-in-ja, sai dai tasu ta juya baya. Can manyan kantuna ne suka koma gaisuwar hutu wadda ba ta ambaci addini ba, saboda Yahudawa ma suna da bikinsu na Hanuka a wannan lokaci, sai wasu Kiristoci suka ce ana so a kore musu addini. 'Yan siyasa suka shiga, abu ya zama na neman ƙuri'a. Wannan rigimarsu ce, mu bar musu kayansu.

Namu ya fi sauƙi. Ranar 25 ga Disamba hutu ce a Nijar, ma'aikaci Musulmi ma yana gida yana shan shayi cikin sanyin hunturu. In zuciyarka ba ta natsu da ambaton bikin ba, Hausa ba ta rasa gaisuwa ba. Ka ce ina kwana, yaya sanyi, yaya iyali, barka da hutu, Allah ya ba mu zama lafiya. Amma ka faɗa da sakin fuska. Na ga saurayi a kasuwar Dole, telan Togo da ke masa ɗinkin Sallah kowace shekara ya miƙo hannu ranar 26, shi kuwa ya kau da kai yana latsa waya. Telan ya mai da hannun aljihu, ya koma kan kekensa bai ce uffan ba. Mutumin nan shi ne mai zuwa har ƙofar gidan su saurayin ya yi musu barka da layya. Wane malami ne ya karantar da wannan?

Mu a garin nan bai kamata a tuna mana inda zafin kai ke kaiwa ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙona coci-coci a Zinder, aka rasa rayuka, wasu maƙwabtanmu suka kwana a barikin soja. Ba su suka yi zanen ba. Da yawa cikinsu a nan aka yanke musu cibiya, Hausarsu ta fi ta wasunmu.

Saƙon da ke cewa "tura wa mutum goma" kuwa, goge shi. In abin ya dame ka, ɗauki tabarma ka je zauren malaminka bayan azahar, ka tambaye shi da bakinka, ka ji hujjarsa har ƙarshe.