Wai mai tafki a gida ba ya kukan kuɗi

Jiya Talata na koma shagon da na sayi injin juya ruwan tafkin ninkaya na gidanmu, da shi a cikin kwalinsa, da rasit, da katin garanti mai tambarin shagon. Har yanzu da nake wannan rubutun zuciyata ba ta daina tafasa ba.

Na san wani zai ce me ya kai ni gina wurin ninkaya a wannan marra. Shekara huɗu ke nan da Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Likitan da ke gasa masa jiki ya ce motsa ƙafa a cikin ruwa zai fi masa sauƙi, tunda ruwa na ɗauke nauyin mutum. Ni da ƙannena muka yi karo-karo, muka haƙa ɗan tafki a bayan gida, zurfinsa iya ƙirji. A cikinsa dattijon nan ya fara taka ƙafarsa ta hagu ba tare da an riƙe shi ba.

Ruwan tafki kuwa ba a barinsa tsaye. Sai inji ya zuƙe shi, ya tura shi ta cikin tankin yashi ya tace, ya dawo da shi, kulorin ya gauraya. In ya yi kwana uku bai juya ba a zafin nan namu, gansakuka ta kama shi. Tsohon injinmu mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, gudu ɗaya ya sani, wajen juyi 2,900 a minti, ko ana buƙata ko ba a buƙata. Awa 8 a rana, yunit 12 na wutar lantarki ya tafi. Muna lallaɓawa a haka har watan Afrilun 2024, da aka wayi gari an ɗaga kuɗin yunit na 'yan rukunin A, wato mu da aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, daga naira 68 zuwa naira 225. Daga baya aka ɗan sassauto ya tsaya kan naira 209 da ɗoriya. Ku yi lissafin da kanku: injin nan shi kaɗai yana cinye kusan naira dubu 75 a wata, ban da firji, ban da fanka, ban da man janareta.

Shi ya sa na yi ta tara kuɗin inji mai sauya gudu. Hikimarsa a fili take. In ka rage gudun famfo zuwa rabi, ruwan da yake turawa ya koma rabi, amma wutar da yake sha sai ta faɗo zuwa wajen kashi ɗaya cikin takwas. Ko ka ninka masa awanni don ya juya ruwan duka, ka ci riba mai yawa. Ga shi yana tashi a hankali, ba ya fizgar wuta kamar tsohon da yake kashe mana inbata da zarar an kunna shi. A Amurka tun 2021 doka ta sa manyan famfunan tafki dole su zama masu tsimin wuta irin wannan. Naira miliyan 1 da dubu 200 na ƙirga. Ranar da na je saye har lemo mai sanyi aka kawo min. Na tambayi mai shagon baki da baki ko sai na haɗa shi da sitabilaiza, ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, wannan da kariyarsa a ciki. Shekara guda garanti. Ko tari ya yi ka dawo min da shi."

Kwana 19 ya yi yana aiki shiru kamar ba a kunna ba, mita na tafiya a hankali. Ran nan aka ɗauke wuta da azahar, aka dawo da ita bayan la'asar da wani irin ƙarfi. Ƙwayayen fitila biyu suka fashe a falo, fanel ɗin injin ya yi ƙauri. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sallama uku na yi a bakin kanta kafin yaron shagon ya ɗago kai daga wayarsa.

"Maigidan yana ciki?"

"Yana waya."

Bai ce in zauna ba, alhali ga kujera nan wadda aka goge min da hankici ranar da na zo da kuɗi. Minti 40 ina tsaye, kwali a gabana. Da maigidan ya fito sai ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Alhaji, lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Alhaji. Injin da ka sayar min ne ya ƙone. Ga rasit, ga garanti."

Bai karɓi takardun ba. Da ɗan yatsa ya ɗaga murfin, ya sunkuya ya shinshina, ya mayar ya rufe, ya goge yatsan a jikin kwali.

"Wuta ce."

"Na san wuta ce. Ai kai ka ce min da kariyarsa a ciki."

"Ni na ce?"

Ya juya ya dubi yaronsa, yaron ya ɗaga kafaɗa. Na tura masa katin har gaban hannunsa, na nuna masa tambarinsa da sa hannunsa. Sai ya jawo rasit ɗin da farce, ya nuna min wani ƙaramin rubutu can ƙasa, irin wanda sai da tabarau: kayan da aka saya ba a dawowa da su.

"To shi wannan katin na mene ne?"

"Wannan garantin Turai ne, Alhaji. Wutar can aka yi wa shi. Ka je ka kama masu wuta."

Garantin Turai! Kuɗin da na ba shi na Turai ne? Tambarin da ya buga a Landan aka sassaƙa shi? Da yake dafa ƙirji ran nan, a Jamus muke tsaye? Na danne, na ce to a taimaka a canza min fanel kawai, in biya kuɗin aiki. Ya ɗauko kalkuleta, ya tambayi yaro nawa dala take yau, ya buga, ya juyo min da ita. Fiye da rabin kuɗin injin, a biya duka yanzu, a jira mako shida, kuma shi ma babu garanti.

Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Mara lafiya gare ni a gida, da ruwan nan ake masa magani."

Nan ya yi dariya, har da jingina da kanta.

"Haba Alhaji! Mutane na bin 'yan garuwa suna neman na sha, kai kana da kogi a tsakar gida, kuma ka zo kana kukan miliyan ɗaya? Mai tafki ai ba ya kukan kuɗi."

Yaron ma ya tuntsire. Wani mai sayen kan famfo ya juyo yana kallona daga hula har takalmi. Ina da furfura a gemu, na sunkuya na ɗauki kwalina na fita, ba wanda ya ce in gaida gida.

Yanzu wahalar 'yan garuwa ta dame shi! Ranar da yake ƙirga kuɗina da yawu a yatsa bai tuna da masu ƙishirwa ba. Tausayin talaka bai zo masa ba sai da aka zo karɓar hakki. Wannan ita ce cutar da ta ci mu: duk wanda ya zalunce ka sai ya fara laluben dalilin da zai sa ka cancanci zaluncin. In kana da ɗan rufin asiri, a ce ai kana da shi. In ba ka da shi, a ce wane ne kai.

Kuma shi ɗin ma ina ya samu wannan ƙarfin hali in ba daga sama ba? Ya san babu abin da zai same shi. Tun 2019 aka sa hannu a dokar kare hakkin masu saye, wadda ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi, amma je ka kowace kasuwa ka ga rasit nawa ne ba a buga wancan layin a ƙasansa ba. An ninka mana kuɗin wuta sau uku da alkawarin awa 20 a rana, ba wanda ya yi maganar irin wutar da za a kawo. Yau ta zo ba ta iya juya fanka, gobe ta zo ta ƙone duk abin da ke jikin soket, kuma ban taɓa jin maƙwabcin da aka biya shi talabijin ɗinsa ba. A Oktoban 2024 Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, wa ya sauka daga kujerarsa? An cire tallafin mai a Mayun 2023, an saki naira, dalar da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Sai a fito a talabijin a ce mu yi tsimin wuta, mu sayi kayan zamani. To ga shi na saya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau da safe na kira mai gyaran wuta ya mayar da tsohon injin, mai rurin nan da ke cinye yunit 12. Ruwan ya riga ya fara kore, sai an yi kwana biyu ana zuba magani kafin a shiga. Baba ya sa an turo shi a kekensa har bakin tafkin, ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya tambaye ni ko sun karɓi injin. Na ce masa suna dubawa.