Tsohon jirgin ƙasa na LEGO: a Legas ake samu, a Kano yake daɗewa

Mai sha'awar tara tsofaffin jiragen ƙasa na LEGO, wato kayan wasan nan na bulon roba da ake harhaɗawa, in yana Legas ya fi na Kano sa'ar samu. Dilolin gwanjo da yawa daga Ingila da Amurka a Legas suke fara sauka, kafin ragowarsu ta hau mota zuwa Ƙofar Wambai an riga an tsince na kirki a Katangua da Yaba. Sai dai samu daban, riƙewa daban, kuma a ganina wajen riƙewa Kano ta fi.

Kafin ciniki a san zamani. Na farko ya fito a 1966, layinsa shuɗi, yana aiki da batir uku, wato bolt 4.5. A 1969 aka kawo na bolt 12, wanda ke ɗaukar wuta daga wasu sandunan ƙarfe a tsakiyar layi. Daga 1980 layin ya koma ruwan toka, zamanin su jirgi mai lamba 7740 ke nan. A 1991 na bolt 9 ya zo da Metroliner mai lamba 4558, ƙarfen yana kan layin kansa, aka daina shi wajen 2007. Faɗin layin duka ɗaya ne, shi ya sa tarago na kowane zamani yake hawa. Lanƙwasasshen layi guda 16 ke haɗa da'ira. In mai kaya ya ba ka 14, a rage kuɗi. A duba kan ƙullutun bulo, in babu rubutun LEGO a ko ɗaya, mai yiwuwa jabu ne.

Matsalar Legas damshi ce, ga iskar teku mai gishiri. Ƙarfen layi yakan dushe, jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa, mutum ya zaci moto ne ya mutu, alhali wuta ce ba ta ratsawa. Magani shi ne tsumma mai laushi da ɗan sifirit, a goge layin da tayoyin ƙarfe na moto. Kada a sa sanfefa, tana kankare fuskar ƙarfen ne, dattin gaba ya fi kamawa. Sitika tana ɓarewa, kwalin asali yana fumfuna, kuma kwalin nan da takardar haɗawa su ne ke ɗaga farashi. Wanda ke Agege ko Idi-Araba sai ya nemi robar da murfinta ke kamawa gam, ya zuba ƙunshin silika irin na cikin kwalin takalmi, ya cire batir duk lokacin da ya ajiye. Batir da ya tsiyaye a cikin taragon bolt 4.5 ya kashe jirage fiye da waɗanda yara suka kashe.

Kano kuwa ƙurar hunturu ce da rana. Ƙura buroshin fenti yana kore ta, bulo kuma a wanke da ruwan da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, a shanya a inuwa. Rana tana mayar da fari da ruwan toka rawaya, zafi yana busar da robar tayoyin moton bolt 12 har ta tsage, jirgi ya tsaya yana juya ƙafa a wuri ɗaya. Amma waɗannan duk labule da kabad suna maganinsu, damshin Legas kuwa har cikin kabad yake bin kaya.

Abu ɗaya ya haɗa garuruwan biyu: wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, to adaftar da ta zo daga can in aka soka kai tsaye ƙonewa za ta yi. Ta Ingila daidai take da soket ɗinmu. Wayar bolt 9 kuma robarta takan marmashe da tsufa, a lanƙwasa ta a gani tun a gaban mai kaya. Sabon shiga ya fara da na bolt 9, domin na bolt 12 ba a sayar da shi sosai a Amurka ba, kayan gyaransa sai daga Turai.